Wasan Harbi: Batir Ba Ya Kare Kunne

Idan kana bibiyar kafafen sada zumunta, da wuya a ce hoton Yusuf Dikec bai ratsa ta wayarka ba lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024. Ɗan ƙasar Turkiyya ne mai shekara 51 a lokacin, furfura ta cinye kai, ya tsaya da farar riga, hannu ɗaya a aljihu, ya ɗaga ƙaramar bindiga kamar mai nuna wa baƙo hanyar kasuwa. Shi da abokiyar wasansa Sevval Ilayda Tarhan suka ɗauki lambar azurfa a harbin bindigar iska daga nisan mita 10. Wasu 'yan wasan kuwa sun sha kayan aiki, ga tabarau mai marfi, ga manyan murafen kunne. Nan take matasa suka yanke hukunci cewa gwani ba ruwansa da tarkace.

To koma ka sake duban hoton da kyau. Akwai ƙananan abin toshewa a kunnuwansa. Kuma bindigar iska ce a hannunsa, wadda babu albarushi a cikinta, ƙararta ba ta ko kama ƙafar ta bindigar harsashi ba. Wato mutumin da ake kafa hujja da shi, a wasan da ya fi sauƙin ƙara, bai bar kunnensa a buɗe ba.

Mun sani wasan harbi ba wasan unguwa ba ne a wajenmu, kuma a Najeriya mallakar bindiga sai da lasisi. Inda wasan ya yi ƙarfi su ne Amurka da Turai da Sin da Koriya ta Kudu da Indiya, a Afirka kuma Masar, wadda ta karɓi gasar duniya ta harbin doguwa da ƙaramar bindiga a Alƙahira a 2022. Amma masu karanta wannan shafi ba a gari ɗaya suke ba. Akwai ɗalibin da ke karatu a Alƙahira ko Istanbul, wanda wata rana abokai za su ja shi filin harbi mai rajista, ya ji abin ya shiga ransa har ya fara tunanin gasa. Akwai mai shirin shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna ko ta 'yan sanda da ke Wudil. Idan kana cikinsu, ranar da ka buɗe intanet neman abin kare kunne, za ka ga an jero maka masu batir, kowanne da kirarinsa. Matsayinmu a kansu shi ne: suna da amfani ƙwarai, amma amfanin ba inda 'yan talla ke nuna maka yake ba, kuma wanda bai gane haka ba zai kashe kuɗi ya dawo da kunne mai ƙugi.

Bari mu fara da ƙarar kanta. Ana auna ta da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, kafin ka kai 100 saura minti 15 kacal. Ƙarar da ke zuwa farat ɗaya kuwa, irin ta harbi, iyakar da hukumar OSHA ta ƙasar ta sa ita ce 140. Ƙaramar raifil mai harsashin .22, wadda ake koya wa yara harbi da ita a Amurka, a nan wajen 140 ɗin take. Fistol mai harsashin milimita 9 da bindigar farauta mai baki biyu suna kaiwa wajen 160, manyan raifil kuma suna wuce haka. Kada ka ga kamar tsakanin 140 da 160 ɗan taku ne. A wannan ma'auni, ƙarin 20 yana nufin ƙarfin ƙarar ya ninka sau ɗari.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙwayoyi masu siririn gashi wajen 15,000, su ne ke mayar da motsin iska ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Idan ƙara ta karya su, ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Babu allura, babu ƙwaya, babu tiyatar da ke dawo da su. Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu ɗaukar siririn sauti, shi ya sa mai wannan matsala ba ya cewa ya kurumce. Yana jin ana magana, amma "sa" da "sha" da "tsa" da "fa" sun cakuɗe masa. A majalisa ana raha sai ya riƙa murmushi alhali bai ji abin da aka ce ba, muryar mata da ta yara ta fi ba shi wahala, kullum yana "na'am? me ka ce?" Ga kuma ƙugin nan na "shiiii" da ke hana barci idan dare ya yi tsit. A cikin tsofaffin sojojin Amurka, wannan ƙugi shi ne lalurar da aka fi biyan diyya a kanta. Wani abin mamaki, mai harbi da doguwar bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ya fi lalacewa, don shi ne ke fuskantar bakin bindigar, na dama kuwa kai ya yi masa inuwa.

Ka ƙara da yawan harbin da ke cikin gasa. A wasan harbin faifan yumɓu na Olamfik da ake kira tiraf, kowane ɗan wasa yana da faifai 125 a zagayen share fage, kuma mutum shida ke jeruwa a layi. Ko da harsashi ɗaiɗai kowa ya saki, kunnenka ya sha harbi 750 ke nan, ban da na atisaye. Biyar cikin shida na wannan ƙara ba kai ka ja kunamarta ba.

Yanzu ga abin da muke so ka riƙe. Murfin kunne mai batir abu biyu ne aka haɗa wuri ɗaya. Na farko ƙoƙo ne na roba mai soso a ciki da matashi a baki, wanda ke kife kunne ya tare ƙara. Na biyu makirufo ne a waje da 'yar lasifika a ciki: makirufon yana ɗauko magana da sauran ƙananan sautuka, lasifikar ta zuba maka su a kunne, idan ƙarar waje ta yi yawa sai na'urar ta ƙi wuce wani mataki, galibi wajen desibel 82. Wanne ne a cikin biyun ke tare harbi? Ƙoƙon ne da matashinsa. Na'urar ba ta kashe ƙarar bindiga, iyakarta ta ƙi shigo da ita ta lasifika. Cire batirin, kariyar tana nan yadda take, abin da ka rasa kawai jin magana. Saboda haka idan ka biya kuɗi mai yawa saboda na'urar, jin umarnin alƙalin fili ka saya, ba ƙarin kariya ba.

Wannan ne ya sa kirarin nan na "yana yanke ƙara cikin daƙiƙa 0.02" bai kamata ya ruɗe ka ba. Ƙololuwar ƙarar harbi tana zuwa ta wuce cikin lokacin da bai kai haka ba ma. Da a ce saurin na'urar ne ke cetonka, da tuni an makara. Abin da saurin ke shafa shi ne daɗin sauraro. Masu araha suna ɗauke sauti ɗif duk lokacin da aka yi harbi, sai su dawo, to a filin da mutum goma ke harbi za ka ji maganar mai horar da kai tana yankewa kamar kiran waya a wurin da babu sabis. Masu kyau suna danne babbar ƙara ne kawai su bar magana tana gudana. Wannan bambanci ne na gaske, kuma ya cancanci a biya masa kuɗi, amma a san abin da ake biya.

Haka kuma kada ka haɗa waɗannan da abin sauraron waƙa mai rage hayaniya, irin wanda ake sawa a jirgi. Wancan an yi shi ne don ƙara mai ɗorewa kamar gurnanin inji. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa tsarin kare ji da ya sa wa AirPods Pro bai dace da ƙara irin ta harbin bindiga ba. Wanda ya shiga filin harbi da su, bai samu kariyar da ta isa ba.

To me za ka fara dubawa a jikin kwali? Lamba. Kayan Amurka suna ɗauke da NRR, na Turai SNR, duka suna faɗin yawan desibel ɗin da abin ya rage a ɗakin gwaji. Kada ka gwama su kai tsaye, don abu ɗaya yakan samu lamba mafi girma a ma'aunin Turai. Siraran murafen nan da suka fi farin jini a wajen maharba, irin su Howard Leight Impact Sport da Walker's Razor, lambarsu 22 da 23 ce. Yi lissafi da kanka. Ko ka yarda da lambar gaba ɗayanta, cire 22 daga 160, saura 138, kana bakin iyaka ke nan. Idan babbar raifil ce a kusa da kai, ka haura. Kuma a ɗakin gwaji ƙwararre ne ke daidaita abin a kan mutumin da ke zaune shiru, ba gumi, ba tabarau. A wurin aiki na gaske abin ba ya kai haka, har ta kai masu duba masana'antu a Amurka sukan cire 7 daga lambar su raba saura biyu kafin su yarda da ita. Wannan lissafin na ƙarar inji ne, ba na harbi ba, amma ya ishe ka gane cewa abin da ke jikin kwali shi ne mafi kyawun da za a iya samu, ba abin da kai za ka samu ba.

Ga abin dariya: soson toshe kunne ɗin nan mai launin ruwan lemo, wanda ake sayar da shi cikin leda a kuɗin da bai kai na katin waya ba, yana kai lamba 33 idan an sa shi daidai. Ya fi murfin dala ɗari biyu tare ƙara. Illarsa ita ce yana tare komai, har da muryar alƙali.

Shi ya sa shawararmu ita ce a haɗa biyun, kuma ita ce shawarar NIOSH ga masu harbi: soso a ciki, murfi a sama. Lambobin ba sa haɗuwa su zama 55, kada ka yi wannan lissafin. Ƙa'idar da ake bi ita ce a ɗauki babbar lambar a ƙara mata 5, wato wajen 38, don daga wani mataki ƙarar tana bi ta ƙashin kai ne ta isa cikin kunne, babu abin da zai tare ta. A nan ne murfi mai batir ke cin kuɗinsa. Ka toshe da soso, ka kife da murfi, ka ƙara sautin lasifikar, sai magana ta ratsa soson ta iso ka, harbi kuma ya tarar da ƙofa biyu a rufe. Idan filin na cikin gini ne, inda bango ke dawo da ƙara, ko kuma na kusa da kai ya ɗaura wa bakin bindigarsa ƙarfen nan mai rage tokari wanda ke watsa ƙara gefe da gefe, to haɗa biyun ba zaɓi ba ne kuma. Sai dai a sa soson yadda ya kamata: ka murza shi da yatsu ya zama siriri, ka zagaya ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Idan mai kallonka ta gaba yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba.

Bayan lamba sai zama, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Murfin kunne kamar marfin kula yake, 'yar kafa kaɗan ta isa ta ɓata aikin. Tabarau dole ne a filin harbi, amma ƙafarsa idan mai kauri ce tana ɗaga matashin, ta buɗe wa ƙara hanya. Nemi mai siririyar ƙafa, ko ka canza matashin zuwa mai jeli a ciki, wanda ke lanƙwasa ya rungume ƙafar tabarau. Bakin hula idan ya shiga ƙarƙashin matashi haka ne. 'Yar'uwa, ke ma ki lura: ɗankwali mai kauri ko hijabi ko kitso da ya tokare wurin suna rage kariyar, don haka soso a ciki ya fi zame miki dole, murfin ya zama ƙari.

Mai doguwar bindiga yana da tasa matsalar. Idan ya kwantar da kunci a kan ƙotar bindiga don saiti, ƙasan murfin yana bugun ƙotar ya ɗaga, a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Wannan ne dalilin ƙera siraran, kuma sirancin ne ya jawo ƙaramar lamba. Mai fistol ba shi da wannan damuwa tun da hannu yake miƙewa, saboda haka babu dalilin da zai sa ya sayi siriri don kawai ya fi kyau a hoto. Ya ɗauki mai ƙaton ƙoƙo, akwai masu batir da ke kai lamba 30. Akwai kuma masu batir da ake cusawa cikin kunne, ba sa taɓa ƙota, ba sa tara gumi, abin da duk wanda ya taɓa tsayuwa a rana da roba kife a kunne zai yaba. Amma kariyarsu ta dogara kacokan ga yadda bakinsu ya cika ramin kunnenka, kuma ramin kunnen kowa daban. Idan za ka bi wannan hanya, gwada baki daban-daban, ko ka je wajen masanin ji ya auna ya ƙera maka naka.

Kafin ka biya ko sisi, tambayi kanka wace gasa za ka shiga, domin dokokin sun sha bamban. Hukumar ISSF mai hedikwata a Munik, wadda ke kula da harbin Olamfik, ta hana ɗan wasa sanya abin kare kunne mai ƙara sauti ko mai karɓar saƙo a fagen gasa. Alƙalai an yarda musu, mai lalurar ji ma zai iya neman izini, amma kai a'a. Dalilin a fili yake, ana tsoron mai horarwa ya riƙa raɗa wa ɗan wasa magana daga nesa. Ke nan idan burinka irin fagen su Dikec ne, murfi mai batir na ranar atisaye ne, ranar gasa sai soso ko murfi marar na'ura, kuma gara ka saba da shi tun yanzu. A gasar IPSC kuwa, wadda aka kafa a Amurka a 1976, inda ake gudu ana harbi ana auna lokaci, lamarin ya juya. Alƙali yana tsaye a bayanka, yana ba ka umarnin ɗura harsashi, ya tambaye ka ko ka shirya, sai agogo ya yi ƙara ka fara. Idan ya ce tsaya, dole ka ji shi nan take, don wataƙila wani ne ya shiga inda bai kamata ba. A can masu batir sun zama ruwan dare, kuma idan abin kunnenka ya faɗi ana cikin harbi, alƙali zai tsayar da kai ne.

Sauran abubuwan da ake cika talla da su ba sa buƙatar dogon zance. Makirufo biyu, ɗaya a kowane kunne, ya fi ɗaya, don ka san ta ina murya ta fito. Bluetooth ba ya ƙara komai a kariya, kuma mai riƙe da bindiga ba shi da haɗi da amsa waya ko jin waƙa. Wajen wuta, mu dai mun fi son mai cin ƙananan batura na AAA a kan mai caji, don batir ana samunsa a kowane kanti, ka zuba biyu a aljihu ka huta, Impact Sport ma kamfaninsa ya ce yana kai awa 350 da guda biyu. Matashin bakin murfi yana bushewa ya tsage, zafi da gumi suna gaggauta hakan, don haka sayi wanda ake samun matashinsa daban, ka riƙa canzawa kamar sau biyu a shekara, kuma kada ka bar shi a cikin mota a rana.

Sai maganar jabu. Duk abin da ya yi suna, ana buga irinsa, kuma jabun murfi yana kunna wuta, yana ƙara sauti, har ya yi shiru idan ka tafa hannu. Wannan tafin da mai kanti zai yi maka bai gwada komai ba sai na'urar, ƙoƙon da ke tare harbi ba a gwada shi da tafi. Duba ko akwai lambar NRR ko SNR a rubuce, da alamar gwajin Turai EN 352, ka kuma saya daga dillalin da kamfanin ya sani. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ba shi da safaya. Babban suna ma ba ya hana ka sa ido. A 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya kimanin dala biliyan 6 don sasanta ƙarar da tsofaffin sojojin Amurka sama da 200,000 suka shigar, suna zargin abin toshe kunnen da aka raba musu yana sassautawa a kunne ba tare da mai shi ya sani ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, kuma wancan ba mai batir ba ne, amma ka lura duk rigimar a kan zama a kunne aka yi ta.

Kafin ka fara zuwa fili a kai a kai, je a auna maka ji a ba ka takardar sakamakon ka ajiye. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, idan a waje kake tambayi asibitin makarantarku. Ka maimaita duk shekara, don takardar tana nuna raunin tun kafin kai ka lura. Ranar da kuma ka dawo daga harbi ka ji kunnenka na ƙugi ko ya yi dum kamar an cusa auduga, kada ka ce ai gobe zai washe. Ko ya washe, ƙara ta riga ta sami hanyar shiga. Kafin ka koma, ɗauko murfin ka duba matashinsa, ka duba ƙafar tabaraunka, ka sake koyon sa soso a gaban madubi. Idan ƙugin ya kwana biyu bai tafi ba, ko kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan na likita ne a ranar, ba na mako mai zuwa ba.